Na'urar auna jinin gawa da haske: a karɓe ta, amma da sharaɗi

A shari'ar kisa da wuƙa, lauyoyi kan matsa wa likitan binciken gawa da tambaya guda: jinin da ya zuba ya isa ya kashe mutum? Baligi na da jini kusan lita 5, kuma idan kashi 40 cikin ɗari ya fita, to an shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Sai dai jinin da ƙasa ta shanye, ko wanda aka wanke kafin 'yan sanda su iso, ba mai kwaso shi. Wanda ya taru a ƙirji ko ciki kaɗai likita ke ɗiba ya auna. Sauran aikin ido ne: ƙoda ta yi fari, saifa ta yanƙwane, shatin jinin da ke kwantawa a bayan gawa ya dusashe. Likitoci biyu na iya duba ƙoda ɗaya su saɓa.

Shi ya sa nake goyon bayan masu binciken awo da haske. Himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, yana shanye haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 540 da 580, wato haske mai launin kore zuwa rawaya. A haska yankin ƙoda ko hanta, na'ura ta auna hasken da ya dawo; idan ya yi yawa, jinin da ya rage kaɗan ne. Wani likitan na iya maimaita awon, lauya kuma ya samu abin ƙalubalanta.

To amma lambar da na'urar ke bayarwa ba lita ba ce. Bayan mutuwa jini kan gangara ɓangaren da gawa ta kwanta, ƙarin ruwan da aka yi a asibiti ya tsinka shi, zafi irin namu kuma ya gaggauta ruɓewa. Duk suna sauya launin.

Abin da ya fi damuna fata ce. Dangi kan ƙi a yanka gawa, suna son a yi jana'iza kafin la'asar, don haka za a so a haska fata kawai a sallame su. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ita ma da haske take aiki, ta fi kasa gano ƙarancin iskar a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Duhun fata ma yana shan haske. Kafin alƙali a Kano ko Damagaram ya karɓi irin wannan awo, ya fara tambaya: a jikin su wa aka gwada na'urar, kuma wace gaɓa aka haska?