A gyara allon Ƙonni, amma kar a taɓa takardun mutane

A tashar Tawa babu kamashon da ke kiran "Birni N'Konni". Ƙonni yake cewa, wani ma Kwanni, fasinja kuma su gane su shiga mota. Sai an kusa garin ne allon bakin hanya zai nuna maka wancan dogon suna, wanda ke kan taswira da hatimin hukuma da takardar haihuwar duk wanda aka yanke wa cibi a can.

Ba wata doka ce ta sauya wa garin suna ba. Birnin Ƙonni yake tun yana da ganuwarsa da sarautarsa, kafin ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya auka masa a 1899, ya kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Da mulkin Faransa ya zauna, magatakardan Nasara suka rubuta abin da kunnensu ya jiye musu: suka ɓalle harafin da ke ƙarshen "Birnin" suka manna shi a goshin "Konni", ƙugiyar "ƙ" kuwa ba su da ita ko kusa. Haka Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi, Madawa ta koma Madaoua, Tasawa ta koma Tessaoua. Daga baya bakin jama'a ya yi nasa aikin, ya yar da "Birni" gaba ɗaya, don mai sauri zuwa kasuwar Illela ba shi da lokacin dogon suna.

Maganar gyara sunayen garuruwa ta taso ne saboda abin da aka yi a Yamai. A watan Oktoban 2024 hukumomi suka cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi suka sa na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya nemi a ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Dandalin Francophonie ya koma na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, aka ɗauke hoton hafsan Faransa Monteil aka kafa na Thomas Sankara. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. To, tun da an taɓa tituna, wasu na ganin saura garuruwa.

Ina tare da su rabin hanya. Abin kunya ne yaro a Ƙonni ya koyi rubuta sunan garinsu da ƙa'idar wani harshe, alhali nasa harshen yana da haruffan da suka dace. A rubuta Birnin Ƙonni a allon shiga gari, a ofishin magajin gari, a littattafan makaranta. Fenti da ƙarfe ne kawai, kuma ba a ƙirƙiro komai ba, sunan ne aka mayar yadda masu shi ke faɗarsa.

Inda na tsaya shi ne batun soke tsohon rubutun. Titi ba ya cikin takardar haihuwar kowa, gari kuwa yana ciki. Yana cikin katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardar shaidar karatu, da takardar fili. Duk wanda ya taɓa bin layi don harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardunsa biyu ya san wahalar da ake magana a kai. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Legas, in aka ce masa garin da ke fasfonsa ba ya cikin rajista, wa zai biya masa kuɗin motar zuwa gyara? Ga kuma tarihi: duk wanda zai binciki ta'asar 1899 a kundayen Faransa, da rubutunsu zai neme ta. In mun goge shi a wajenmu, jikokinmu muka wahalar, ba su ba.

Chadi ta mayar da Fort-Lamy N'Djamena a 1973, kuma daidai ne, domin wancan sunan hafsan sojan mamaya ne. Ƙonni ba ta ɗauke da sunan kowane Bature. Matsalarta ta rubutu ce, ba ta kai a yi mata irin wancan aiki ba. Damagaram ma ai ta daɗe tana zaune da Zinder a takarda, ba wanda ya ɓata hanya.

Akwai wani abin da masu zumuɗi ke mantawa. Jahar Tawa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Abalak da Tchintabaraden suna cikinta, kuma in za a gyara rubutun sunayensu, masu Tamashek ne za su faɗi yadda za a yi, ba wani kwamiti a Yamai ba. Ko a Ƙonnin, kafin a sayi fenti sai an zauna da fadar sarki da dattawan unguwanni da malaman makaranta a daidaita tsakanin Ƙonni da Kwanni, sannan a rubuta wanda aka amince da shi a sama, tsohon rubutun a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa.