Safayar da na saya a tashar Jalingo

Wallahi har yau in na ga mota ta kunna sigina sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Bari ku ji dalili.

Daga Jalingo na taso zan koma Jos, muna jiran mota ta cika wani bawan Allah ya zauna kusa da ni, ga gemu ga carbi, hira ta yi hira sai ya ce daga Mambila yake wajen haƙar dutse, tsohuwarsa ba lafiya, kuɗin magani yake nema. Ya kwance wani ƙullin leda ya nuna min dutse ruwan lemu yana ƙyalli kamar an daskarar da Fanta, ya ce safaya ne, wannan kalar manyan mata ke sa wa a zobe. Ni kuma dama na sha jin Mambila akwai safaya, to me ya rage? Ya ce dubu 80, muka tsaya a dubu 35, har ina jin kunya wai na cuci mai jinya. Mota ba ta tashi ba na kira Maman Ummi na ce ta fara wanke yatsa.

Washegari na kai wa wani Alhaji dilan duwatsu da ke zuwa Bankok, ina tafe ina lissafin fili. Ya sa ɗan madubinsa a ido, ya juya dutsen, ya ce Malam a ina ka samo? Na ce Mambila, da gadara. Ya ce to na Mambila dai shuɗi aka sani, ruwan lemu sai su Siri Lanka da Madagaska da Songea ta Tanzaniya, akwai ma wani mai sirkin ruwan hoda da ake kira fadfaraja, shi tsadarsa ba a magana, kuma da yawan na kasuwa gasa su ake yi a wuta a Tailan kalar ta fito. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ina jiran ya faɗi farashi.

Sai ya ce a ma'aunin taurin duwatsu safaya 9 ne, daimon 10, wuƙa ba ta yi masa komai. Ya ɗauko wani farin dutse ya ja a jikin nawa, ƙiii, layi ya fito ɓaro-ɓaro. Ya miƙo min madubin, na leƙa, ga ƙananan kumfa a ciki, ga kuma wasu layuka a jere gefe ɗaya. Gilashin siginar tsohuwar mota ne aka goge. Yaransa har da wanda ya fita waje don ya yi dariyarsa a tsanake.

Matsalar ita ce, Maman Ummi ta riga ta sanar da duk layinmu, ta ce ita kam sai ta sa, dole na ƙara dubu 6 maƙeri ya ɗaura shi a azurfa. Yanzu duk sanda za mu fita unguwa sai ta ɗaga yatsan ta ce Baban Ummi, hagu za mu yi ko dama?