Buhun gawayi ya kai Italiya

Na ji daɗin labarin da kuka buga kan Ibrahim Mahama, mai fasahar nan ɗan Ghana da ke ɗinke tsoffin buhuna yana baje kolinsu, sai dai kun tsaya kan baje kolinsa na Turai kun tsallake Kumasi, alhali a nan jami'ar KNUST ya yi karatu. Buhunan da yake haɗawa kuwa kowa a zango ya san su. A zuba musu ƙwayar koko da ake cakulan da ita, in sun tsufa masu gawayi su karɓa, ga faci, ga baƙi, ga sunan mai kaya a jiki. Su ya lulluɓe bango da su a birnin Venis na Italiya a 2015. Ni abin da ya fi burge ni, tsoffin jiragen sama da ya kai Tamale ya mai da su ajin yara. Malam edita, don Allah ku tambayo mana nawa masu ɗinka masa buhunan suke samu.