Dashen zuciya ba kuɗi ko hanya kaɗai ba ne

A majalisar 'yan uwanmu na Jidda da Makka, da an ce zuciyar wani ta gaza, sai ka ji ana cewa a kai shi Riyad a yi masa dashe, in dai akwai kuɗi da hanya. Ba haka abin yake ba.

Abin da likitoci ke fara dubawa shi ne ko sauran jikin zai iya riƙe sabuwar zuciya. Mai hawan jini mai tsanani a jijiyoyin huhu, ɓangaren dama na sabuwar zuciyar na iya gazawa tun a ɗakin tiyata. Mai cutar daji da ba ta lafa ba ma ba a sa shi a layin masu jiran dashe, domin magungunan da zai sha har ƙarshen rayuwa, don kada jiki ya ƙi baƙuwar zuciya, suna raunana garkuwar jiki. Mai shan taba kuwa, sai ya daina tukuna.

Sannan sai rukunin jinin majiyyaci ya dace da na wanda za a ciro zuciyarsa, girman jikinsu ya yi kusa. Zuciyar da aka cire galibi ba ta jure fiye da awa huɗu zuwa shida a waje, shi ya sa ake so majiyyaci ya zauna kusa da asibiti, wayarsa a kunne dare da rana.