Yaron da aka riga aka ce maƙaryaci ne

Na ɗauki makonni ina bin labarin makarantun kwana na gyaran hali a Amurka, inda ake kai matasan da aka ce sun gagari iyaye, kuma wallahi har yanzu abin yana ci mini rai. Dukan da ake yi da kulle yaro a ɗaki shi kaɗai sun tayar mini da hankali. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wata magana da tsofaffin ɗalibai da yawa suka ce ana faɗa wa iyaye tun ranar farko: ɗanku zai kira ku yana kuka, zai ce ana cutar da shi, kada ku saurare shi, dabara ce ta neman komawa gida.

Ku dubi wayon da ke ciki. Tun kafin a taɓa yaron an shafa masa kashin kaji. Duk ƙarar da ya kai daga baya sai ta zama shaida cewa har yanzu bai gyaru ba.

Da yawansu ma yadda ake kai su abin tsoro ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: iyaye su biya, ƙarti biyu su shiga ɗakin yaro da tsakar dare, su tashe shi, su sa shi a mota. Paris Hilton, shahararriyar tauraruwar talabijin ta Amurka, ta ce haka aka yi mata tana budurwa, har ta ɗauka sace ta ake yi. Ta yi wata 11 a Provo Canyon School da ke jihar Utah, kuma ta ce an riƙa ɗura mata magani da ƙarfi, ana kulle ta ita kaɗai. Sai a 2020 ta fito ta faɗi wannan a fili. Wannan fa jikar gidan masu otal-otal na Hilton ce, amma ta yi fiye da shekara ashirin da abin a cikinta. To ina ga yaron da ba shi da kowa?

Idan an shiga, rayuwa ta koma ta maki da matakai. Sabon zuwa yana matakin ƙasa, a wasu wuraren ba a yarda ya yi magana da ɗan'uwansa ɗalibi ba sai da izini. Ana karanta wasiƙarsa kafin ta fita. In an ba shi waya, ma'aikaci na tsaye a kansa. Hanyar hawa mataki ita ce ya amsa laifi, ya kuma tona asirin wasu, don haka yaro ba ya amincewa ko da wanda suke kwana ɗaki ɗaya. A Elan School ta jihar Maine, wadda ta yi aiki daga 1970 zuwa 2011, ana tsayar da ɗalibi a gaban jama'a, sauran su yi ta zazzaga masa zagi da ihu, wani lokaci a sa masa safar dambe a riƙa turo masa abokan karawa ɗaya bayan ɗaya. Wai jiyya ke nan.

Rashin yarda da maganar yaro har kisa yake yi. A 2007 hukumar GAO, mai yi wa majalisar dokokin Amurka bincike, ta fitar da rahoto kan irin waɗannan wurare, ta ce ta ga dubban zarge-zargen cin zarafi, sannan ta bi diddigin mutuwar matasa goma. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikatan da ba su da horo, suna kallon yaro yana galabaita su ce ciwon ƙarya yake yi. A 1994, wani ɗan shekara 16 ya yi kwanaki yana kukan ciwon ciki a wani sansanin daji a Utah, yana ramewa a gaban idonsu, suna cewa langaɓewa ce. Gyambon ciki ne ya huda masa hanji, ya mutu. A 2020 kuma, a Lakeside Academy da ke Michigan, ma'aikata suka danne Cornelius Frederick, shi ma ɗan shekara 16, na fiye da minti goma saboda ya yi jifa da burodi. Bayan kwana biyu ya cika. Kyamara ta ɗauki abin da ya faru, shi ya sa ba a iya cewa yaron ne ya ƙirƙira ba.

Ni ban ɗora wa iyaye dukan laifin ba. Wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye, ko yake yanka jikinsa, ko yake ɓacewa daga gida kwana da kwanaki, tura ta kai shi bango. A wannan hali aka nuna masa hotunan dawaki da duwatsu da yara suna murmushi, ga alkawarin za a dawo masa da ɗansa a shirye, zai sa hannu ko da bashi zai ci. Gudun gara ne ya kai shi gidan zago. Kuma na yarda akwai yaran da ke buƙatar a kwantar da su a wuri mai likitoci, akwai ma wuraren da ke aikinsu da gaskiya. Sai dai a lura, makarantar da ake biya kuɗi a kan kowane yaro kowane wata, ita ce kuma ke yanke hukuncin ko ya gyaru ko da saura. Da wuya mai cin riba da zamanka ya yi gaggawar sallamar ka.

A Disambar 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a kan wata doka da Paris Hilton ta daɗe tana fafutuka a kanta. An yi ta murna, amma da na duba sai na ga galibin abin da ta tanada shi ne a yi nazari, a tattara bayanai. Sa ido na yau da kullum yana hannun jihohi, kowace da nata tsarin.

Da ni ne zan kai ɗana irin wannan wuri, ba zan tambayi dawaki ko ɗakin kwana ba. Zan ce a nuna mini wayar da zai ɗauka ya kira ni, ko ya kira hukuma, a lokacin da ya so, ba tare da wani yana tsaye a kansa ba. In suka fara yi mini bayanin cewa hakan zai ɓata tsarin jiyya, da shi zan koma mota.