Kafin ku ce "a yi ta ta ƙare", ku ji labarin Gettysburg

Ƙannena samari, assalamu alaikum.

Shekaranjiya da daddare ina zaune a teburin mai shayi, ana ta musu a kan halin da ake ciki, sai wani yaro da bai fi shekara ashirin da biyu ba ya buga benci ya ce, "Wallahi gara a yi yaƙin, a yi ta ta ƙare kowa ya huta!" Abokansa suka ce wannan haka yake. Ban tanka masa a wurin ba, don gyara a bainar jama'a tozarci ne, amma maganar ta kwana a raina. Kullum ina cin karo da irinta a Facebook, daga bakin yaran da ko yankan rago ba sa iya tsayawa su kalla. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wasu samari sa'o'inku da suka taɓa faɗin haka a Amurka, lokacin yaƙin basasarta, da gumurzun da aka yi a garin Gettysburg.

A 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Jihohin kudancin Amurka, waɗanda arzikinsu ya dogara ga auduga da gumin bayi kusan miliyan 4, suka ga mutumin nan ba zai bari bauta ta yaɗu zuwa sababbin yankuna ba, sai suka fara ɓallewa, har suka kai jiha 11. Aka fara harbi a watan Afrilun 1861. (Arewa da Kudun da zan riƙa ambata na Amurka ne, kada wani ya ɗora su a kan namu, don ba su da haɗi.) Kowane ɓangare ya ɗauka abin na 'yan makonni ne. Lincoln kansa 'yan sa-kai 75,000 ya fara nema, na kwana 90 kacal. A babbar karawar farko, a Bull Run, har 'yan kallo suka fito daga Washington a kekunan doki da kwandunan abinci, kamar masu zuwa kallon dambe. Da yamma da su aka yi ta gudun ceton rai. Yaƙin da aka ce na wata uku ne ya ci shekara huɗu, ya lashe rayukan sojoji aƙalla 620,000.

A tsakiyar 1863 babban kwamandan Kudu, Janar Robert Lee, yana kan ganiyarsa. Bai daɗe da lallasa rundunar da ta ninka tasa ba a Chancellorsville, har ya fara ganin babu abin da zai gagari yaransa. Sai ya kwashi mutum sama da 70,000 ya tsallaka cikin ƙasar Arewa, jihar Pennsylvania. A kan hanya sojojinsa sun kama baƙaƙen fata, har da 'yantattu waɗanda ba su taɓa bauta ba, suka kora su kudu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Rundunar Arewa, mai mutum wajen 90,000, ta biyo sawunsa ƙarƙashin Janar George Meade, wanda kwana uku kafin gumurzun aka damƙa masa ragamarta.

Gettysburg ɗan ƙaramin gari ne mai mutum kamar 2,400, babu wanda ya shirya yin yaƙi a cikinsa. Hanyoyi ne kawai suka haɗu a wurin. Ranar 1 ga Yuli dakarun Kudu suka yi kiciɓis da mahayan Arewa a yammacin garin, kowa ya aika a kawo masa ɗauki, kafin azahar abu ya zama gagarumi. A ranar, wata bataliyar Kudu daga jihar North Carolina ta shiga daji da mutum kusan 800, fiye da 500 suka faɗi, ko matattu ko masu rauni. Kanar ɗinsu, Henry Burgwyn, shekararsa 21 aka harbe shi. Ku dubi shekarun nan da kyau. Yawancinku kun girme shi. Da yamma sojojin Arewa suka ja da baya ta cikin gari suka haye tuddan da ke kudu da shi, suka kafa igwa a bayan katangun dutse.

A nan ne abin da ya fi damuna ya faru. Lee yana da mataimaki, Janar James Longstreet, mutum mai nutsuwa da sanin aiki. Ya dubi tuddan nan ya ce: ranka ya daɗe, kada mu hau musu. Mu zagaya, mu shiga tsakaninsu da Washington, mu zaɓi wuri mai kyau mu tsaya, dole su ne za su zo su same mu. Lee ya ƙi. Ya ce abokan gaba ga su can, can zai auka musu. Ga shi kuma a lokacin kusan makaho yake, domin shugaban mahayansa, Stuart, wanda aikinsa ne ya leƙo masa asirin abokan gaba, ya yi nisan kiwo, bai iso ba sai rana ta biyu.

Rana ta biyu aka wuni ana kashe juna a wata gonar alkama da wani lambu da tsakanin duwatsu. Gonar alkamar nan sai da ta yi ta sauya hannu, har mutum bai iya taka ƙasa sai gawa. Wata bataliyar Arewa daga jihar Minnesota aka ce ta toshe wata kafa don a sami 'yan mintoci. Su 262 suka ruga, 215 suka faɗi. A wani tudu da ake kira Little Round Top, wani malamin kwaleji da ke jagorantar wata bataliyar Arewa, Joshua Chamberlain, da harsashi ya ƙare wa mutanensa, ya sa suka ɗaura banati suka gangaro a guje. Tudun bai faɗi ba. Dare ya yi, Lee bai sami abin da yake so ba.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi lissafi. Lee kuwa ya ce gobe tsakiyarsu zai fasa. Longstreet ya sake ja masa kunne, ya ce shi tun yana ƙaramin soja yake wannan aiki, kuma a saninsa babu wasu mutum 15,000 da aka taɓa jerawa da za su iya karɓe wurin nan. Aka ƙi ji. Ranar 3 ga Yuli da misalin ƙarfe ɗaya na rana igwa wajen 150 ta Kudu ta fara aman wuta, hayaƙi ya rufe fili, yawancin harsasan suna wucewa ta saman kan waɗanda ake nufi ba tare da masu harbin sun sani ba. Da Janar George Pickett, ɗaya daga cikin kwamandojin Kudu da za su ja farmakin, ya zo neman izinin tashi, Longstreet ya kasa buɗe baki, kai kawai ya sunkuyar.

Mutum kimanin 12,500 suka fito daga cikin itatuwa, sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, tutoci na kaɗawa, cikin zafin Yuli. Tsakaninsu da katangar dutsen akwai fili fetal na fiye da kilomita ɗaya, ba bishiya ba kwari. A tsakiya akwai hanya mai shingen katako, dole sai an tsaya an haura, a nan aka riƙa tsince su. Da suka matso, masu igwa suka koma ɗura gwangwanaye cike da ƙwallayen ƙarfe, harbi ɗaya ya share sahu guda. 'Yan ɗaruruwa ne kawai suka tsallaka katangar, a bayan Janar Lewis Armistead da ya soke hularsa a tsinin takobi. Nan aka harbe shi. Wanda ke riƙe da wannan sashe na Arewa, Janar Winfield Hancock, amininsa ne tun kafin yaƙi, shi ma an ji masa rauni a wannan yammacin, ba su sake ganin juna ba. Cikin abin da bai kai awa guda ba, fiye da rabin waɗanda suka fito sun mutu, ko sun ji rauni, ko an kama su. Lee ya hau doki ya tari masu dawowa yana cewa laifina ne, duk laifina ne.

Na yarda ya faɗi gaskiya, kuma ba kowane babba ke iya furta hakan ba. Amma wane uba wannan kalma ta mayar wa da ɗansa? Ƙannena, a kowane taro da jini ya hau, za a sami mutum guda da zai ce a dakata, a sake tunani. Kun san abin da kuke kiransa: matsoraci, munafuki, an saye shi. Longstreet ma bayan yaƙin wasu 'yan Kudu sun shafe shekaru suna zaginsa, suna ɗora masa laifin faɗuwar. Alhali da an ji tasa, da dubban yara ba su kwanta a filin nan ba. Idan kuka ji mai cewa a dakata, ku ba shi kunne kafin ku yi masa ihu. Shi kuma mai zuga, wanda muryarsa ta fi ta kowa, ku tambaye shi a wane sahu zai tsaya, shi da 'ya'yansa.

Ba tambayar banza ba ce. A wannan yaƙin, dokar Kudu ta ɗauke wa farar fata guda ɗaya shiga soja a kowane gandu mai bayi 20. A Arewa kuma wanda aka kira zai iya biyan dala 300 ya zauna a gida, kuɗin da talaka zai yi kusan shekara yana nema. Kwana goma bayan Gettysburg tarzoma ta ɓarke a New York saboda wannan doka, fushin ya ƙare a kan baƙaƙen fatan da ba su ji ba ba su gani ba. Yawancin yaran da suka bi Pickett ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. Sun mutu suna kare tsarin da ke sayar da uwa daban, ɗanta daban, don ribar masu gandu. Jarumtakarsu ba ta wanke wannan ba. Ingiza mai kantu ruwa aka yi musu, kuma sun tafi suna ganin mutuncin garinsu suke karewa. Don haka duk wanda ya zo muku da kiran "mu tashi", ku zauna ku binciki abin da ake son ku mutu a kai, da wanda zai ci moriyarsa in an gama binne ku.

Akwai wani abu da aka gano bayan an watse, wanda ya fi duk lissafin janar-janar taɓa ni. An tattara bindigogi sama da 27,000 da aka zubar a filin. Bindigogin zamanin na ɗuri ta baki ne, irin na maharbanmu: a zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda. Kusan 24,000 a ɗure aka same su, aƙalla rabinsu kuma an ɗura su fiye da sau ɗaya ba a harba ba. Akwai wadda aka samu da ɗuri 23 a cikinta. Ku ƙiyasta yaron da ke riƙe da ita. Ƙara ta toshe masa kunne, abokinsa na kwance a gefensa hanji a waje, hannunsa na rawa, yana ta ɗurawa yana ɗurawa bai ma san bai harba ba. Wataƙila shi ma ya taɓa bugun ƙirji a dandalin garinsu.

Cikin kwana uku, waɗanda suka mutu da masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen 50,000. Gawa kimanin 7,000 da mushen dawaki dubbai aka bar wa garin mutum 2,400, cikin zafi. Coci-coci da makarantu da rumbunan manoma duk suka koma asibiti. Likitoci na yanke hannu da ƙafa da zarto, ana jefarwa ta taga har su yi tsibi. Wata budurwa 'yar shekara 20, Jennie Wade, tana kwaɓa fulawar burodi a ɗakin girkin 'yar'uwarta harsashi ya huda ƙofa biyu ya same ta. Wani saurayi, Wesley Culp, haifaffen garin ne da neman abinci ya kai shi Virginia. Ya dawo cikin kakin Kudu, aka kashe shi a wajen garinsu, ɗan'uwansa na jini kuwa yana cikin sojan Arewa. Matar mai kula da maƙabartar garin, Elizabeth Thorn, mijinta na fagen daga, tana da ciki wata shida ta ɗauki shebur, ita da tsohon mahaifinta, suka binne gawa kusan ɗari. Ranar 4 ga Yuli, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Lee ya juya. Jerin amalanken da ke ɗauke da masu rauninsa ya kai mil 17, suna ta roƙon a sauke su a bakin hanya su mutu.

To, ta ƙare? Kowa ya huta? Sai da aka ƙara kusan shekara biyu ana yi, har Afrilun 1865. A Nuwamban 1863 Lincoln ya zo buɗe maƙabartar sojojin, ya yi jawabin minti biyu da har yau yaran makaranta ke haddacewa, kuma a lokacin ba a ma gama tono gawarwakin daga gonakin mutane ba. An kawar da bauta, wannan alheri ne babba, ban rage masa komai ba. Sai dai wanda ya ga kuɗin da aka biya ba zai taɓa yin maganar yaƙi yana murmushi ba.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Tun muna yara muke lallaɓa shi ya ba mu labari, sai ya ce mu je mu yi wasa. Ranar da wasu suka ɗaga murya a ƙofar masallaci suna irin maganar yaron nan, tashi ya yi ya ɗauki takalmansa ya shige gida, bai ce uffan ba. Ku je ku nemi irinsa a unguwanninku tun suna raye, ku gaishe su, ku zauna a ƙasa ku saurara, in sun yarda su yi magana.

A 1913, shekara 50 cif bayan gumurzun, tsofaffin sojojin ɓangarorin biyu sama da 50,000 suka sake haɗuwa a Gettysburg. Waɗanda suka rage daga mutanen Pickett suka sake taka filin nan, wannan karon da sanduna a hannu, furfura fal kai. Da suka iso katangar dutsen, tsofaffin da suka harbe su a da suka miƙo hannu ta samanta aka gaisa. Da Henry Burgwyn ya rayu, da a wannan shekarar yana da 71, da jikokinsa.