Gashin doki a Wales, gashin doki a Kano

Shekara shida ke nan ina zaune a Cardiff, babban birnin Wales, amma sai bara na natsu na saurari kiɗan telyn da kunnen basira. Telyn ita ce abin kiɗan da mutanen Wales ke tinƙaho da shi. Doguwa ce, ana jingina ta a kafaɗa a kaɗa da yatsu. Wadda suka fi ji da ita layi uku na tsirkiya gare ta, sama da 90 a jimlace. Daga Italiya ta zo musu a ƙarni na 17, sauran Turai suka yar da ita, su suka riƙe har ta zama tasu.

A wani ƙaramin zaure na ga wata matashiya ta manna ɗan ƙaro a jikin tsirkiyoyin don ta rage musu amo. Sai sautin ya koma gajere, a bushe, kai ka ce kuntigi ne. Waƙar kuwa tsohuwa ce, ta ce a ɗakin karatu na ƙasa da ke Aberystwyth ta tono ta. Wani dattijo kusa da ni ya yi ta girgiza kai, wai ba haka kakarsa take kaɗawa ba. Na fahimci ciwonsa, amma ni ina bayan yarinyar, don rabin zauren nan samari ne da 'yan mata, kuma kuɗinsu suka biya suka shigo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin wani makaɗin telyn, Rhodri Davies. Ya sa an ƙera masa irin telyn ta zamanin da, mai tsirkiyar gashin doki, wadda ta ɓace ɗaruruwan shekaru. Ba shi da wanda zai gaji kiɗanta a hannunsa, don haka ya zauna ya ƙirƙiro nasa salon, ya fitar da faifai a 2020. Da na ji gashin doki, goge ya faɗo mini. Abin da suka sha wahalar farfaɗowa, mu yana nan da ransa a hannun masu goge da kukuma, muna kau da kai.

Su ma fa sun sha tsangwama. A ƙarni na 18 masu wa'azinsu sun ƙyamaci telyn da rawa, suna danganta su da mashaya, kamar yadda ake danganta goge da bori a wajenmu. Amma yau ana koyar da ita a makarantu, ana gasarta duk watan Agusta a Eisteddfod, babban bikinsu na waƙa da kiɗa. Wata makaɗiyarsu, Catrin Finch, ma har ta haɗa tata da kora, abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, ta Seckou Keita na Senegal a 2013.

Mu kuwa mun raba gida biyu. Masu cewa a bar kiɗan gargajiya yadda aka gada, da masu fiyano da ba su taɓa riƙe gurmi ba. Na farkon sun manta cewa kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, da gwangwanin kifi ake yin sa. Wani ne ya fara gwadawa, kuma na tabbata ranar an sami mai girgiza kai.

Da na koma gida a daren da na saurari matashiyar nan, na kira ɗan yayata da ke aiki a wani situdiyo a Zoo Road. Na ce ya nemo mai kukuma su shiga ɗaki tare, su ga abin da zai fito. Ya ce, "Kawu, ai akwai sautinta a kwamfuta." Na ce masa mutum nake so ya nemo, ni zan biya kuɗin motarsa.